Mota Ɗaya, Wuri Uku

Da tsakar ranar Talata aka kira Sufeto zuwa wani kamfanin rarraba kayan asibiti, wai an sace mota. Da ya isa, abu na farko da Manaja ya nuna masa shi ne motar da aka sace.

"Ga ta nan," in ji Manaja, ya ɗora yatsa a kan allon kwamfuta, inda wani koren ɗigo yake zaune. "Lamba sha huɗu. Tana ƙarƙashin bishiya, kusa da famfo."

Sufeto ya leƙa ta taga. Ga bishiya, ga famfo, ga wani kare yana barci a inuwa. Mota kam babu ita.

"To ina take?"

"Abin da muka kira ku ku gaya mana ke nan, Yallaɓai."

Sufeto shekararsa ashirin da shida a aikin ɗan sanda, amma har yau wayarsa mai madannai ce, kuma duk abin da yake da allo ba ya yarda da shi. Ya waiwayi Sajan, wadda ita ce ke karanta masa saƙonni in sun yi tsawo. Ta kawar da kai tana danne dariya.

Matar da ke zaune gaban allon ita ta yi masa bayani. Direbobi suna kiranta Idon Kamfani, don ita ke gadin motoci ashirin da biyu daga kan kujera.

"Kowace mota akwai ɗan akwati a bayan dashbod, Yallaɓai. Akwatin ya san inda motar take. A cikinsa akwai sim irin na waya, shi ne yake kawo mana labari duk rabin minti: tana ina, gudu nawa, mai nawa ya rage. Daga nan ma ina iya kashe injinta."

"To ki kashe ta mana."

"Na aika sau tara. Ba ta amsa."

"Me ya sa allon yake cewa tana nan?"

"In sim ya daina magana, ɗigon yana tsayawa inda ya yi maganarsa ta ƙarshe."

"Ya taɓa yin haka?"

"A'a. Yau ne farko."

Ta faɗi haka tana gyara wani littafi mai baƙin bango a gefen tebur. Sajan ta ce a ara mata littafin, matar ta miƙa ba da son ranta ba.

Direban yana zaune a ɗakin masu gadi, hularsa a hannu. Dattijo ne mai furfura, shekara sha tara yana tuƙi a kamfanin bai taɓa ko buge kaza ba. Baba Sannu ake ce masa, saboda har mai keke yakan wuce shi a hanya.

"Baba, ƙarfe nawa ka fita?"

"Tara da kwata, ranka ya daɗe. Katan tamanin na ɗauka."

"Ina ka tsaya?"

"Wajen mai faci, bayan gada. Tayar baya ce ta yi sanyi. Na zaga bayan gida, ina dawowa ban ga mota ba."

"Makulli fa?"

Baba Sannu ya zaro shi daga aljihu ya ajiye a kan benci. Manaja ya ce na biyun yana cikin sef ɗinsa, ya je ya ɗauko ya nuna. Makulli biyu, duka suna nan, mota ta tafi. Sufeto ya sosa ƙeya.

Mai faci bai ɓata musu lokaci ba. Ya ce ya san Baba Sannu sarai, rabonsa da ganinsa wata biyu, kuma a duk layin babu bayan gidan da mutum zai zaga.

Da yamma Baba Sannu yana bayan kanta. Manaja ya ce shi dai ranar Juma'a da safe a kai mutum kotu, masu kamfani ba sa son dogon turanci. Babban jami'in ofishin 'yan sanda ya goyi bayansa. Kwana biyu da rabi ke nan tsakanin dattijon da gidan yari, kuma shi kansa ba ya taimakon kansa. Duk tambayar da aka yi masa sai ya ce, "Abin da na faɗa shi ke nan."

Sufeto bai ji daɗin abin ba. Ya ga ɓarayi iri-iri, bai taɓa ganin wanda ya saci mota ya dawo kamfani a ƙasa da makulli a aljihu ba.

Washegari da safe Sajan ta shimfiɗa masa baƙin littafin.

"Yallaɓai, dubi nan. Lamba sha huɗu, matsalar sabis. Nan ma. Nan ma. Sau goma sha ɗaya, kuma duk ranar Talata."

"Sabis ɗin ma yana da ranar hutu ke nan?"

Suka koma kamfani. Idon Kamfani ta ga littafin a hannun Sajan.

"Jiya kin ce yau ne farko."

"Tsoro na ji, Yallaɓai. Duk Talata ɗigon yakan tsaya da safe, sai wajen ƙarfe huɗu ya dawo. Kaya suna isa lafiya, babu wanda ya yi ƙorafi. Baba ne fa. Ban so in jawo masa magana ba."

"Kin gaya wa wani?"

"Babban Makaniki. Shi ke kula da akwatunan. Ya duba ya ce wata waya ce ta saki, zai gyara."

Sajan ta kira kamfanin sadarwar da ya ba su layukan. Bayan takarda da hatimi da jira na awa biyu, aka haɗa su da wata injiniya. Sajan ta buɗe murya don Sufeto ya ji.

"Layin lamba sha huɗu yana aiki," in ji injiniyar. "Yanzu haka ma yana kunne."

Sufeto ya miƙe zaune. "Motar ta dawo?"

"Ban ce mota ba, na ce layi. Akwatin mota ɗan mitsitsin data yake ci, a wata guda bai kai abin da hoto biyu za su ci ba. Wannan kuwa duk Talata sai ya kwashi abin da ya fi na sauran motocin gaba ɗaya. Bidiyo ake kallo da shi."

"Mota ce take kallon bidiyo?"

"Wani ne ya cire sim ya sa a waya, Yallaɓai," Sajan ta ce a hankali.

Injiniyar ta faɗi ƙarfen sabis ɗin da layin yake kamawa, a wata unguwa can bayan tashar jirgin ƙasa. Sufeto ya ɗauki biro ya rubuta a bayan ambulan: allo ya ce harabar kamfani, direba ya ce wajen mai faci, kamfanin waya ya ce bayan tasha. Ya daɗe yana kallon takardar. Mota ɗaya, wuri uku, kuma babu ita a ko ɗaya. Kansa ya ɗaure tamau.

Sajan ce ta duba fayil ta ga adireshin Baba Sannu. A bayan tasha yake.

Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, a ƙarshen wani lungu da mota ba ta iya shiga. Wata budurwa mai kimanin shekara ashirin da uku ta buɗe ƙofa, idanunta sun kumbura. A kan tabarma akwai littattafan koyon aikin jinya da waya a jingine da kofi.

"Ke ce 'yarsa?"

"Ni ce autarsa."

"Ina sim ɗin?"

Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko wayar ta miƙa da hannu biyu, sai hawaye.

"Baba ya ce ko kashe ni za a yi kada in yi magana. Wai in aka ji, makaranta za ta kore ni, kuma ni ma a kama ni. Duk Talata muke darasi ta waya, tun goma har uku, in ba ka shiga ba an rubuta ba ka zo ba. Shi yakan kawo min sim ɗin da safe, ya dawo ya karɓa da yamma."

"Motar fa, ina yake ajiye ta?"

"A bakin lungu. Minti goma kawai yake yi, ya sha ruwa ya fita. Jiya ya fita, ya dawo yana ta haki, ya ce in rufe bakina."

Sufeto ya yi ajiyar zuciya. Dattijo ya zaɓi gidan yari a kan a ambaci sunan 'yarsa. Abin ya ba shi tausayi, ya kuma ba shi haushi, don ƙaryar ta cinye masa yini guda.

Sajan tana ta latse-latse a wayar. "Wannan kiran fa? Jiya, tara da minti arba'in da ɗaya."

"Ban san ko waye ba. Sau uku ke nan, Talata uku a jere. Da na sa sim ɗin sai ya shigo, ya yi ƙara sau ɗaya ya katse. Baba ya hana ni ɗauka."

Suka sake kiran injiniyar daga bakin lungu. Ta ce layukan motocin ba sa karɓar kira daga waje, sai daga 'yan uwansu na kamfanin. In sim yana cikin akwati, kira ba ya yin ƙara, akwatin yakan katse ya aiko da saƙon inda yake. In ya yi ƙara, to yana cikin waya.

"Wato mai kiran yana tabbatarwa ne motar ta makance," in ji Sajan. "Ofis ba ya ganinta, ba ya iya kashe ta, kuma Baba yana cikin gida."

"Lambar waye?" Sufeto ya tambaya.

Aka ji ƙarar madannai. "Ta motarsu ce. Lamba shida."

Manaja ya yi dariya da aka tambaye shi lamba shida. Ya kai su bayan gareji ya nuna musu. Tana kan bulo huɗu, babu taya ko ɗaya, babu gilashin gaba, kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Wata bakwai rabonta da motsi.

Sufeto ya zagaya ta sau biyu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

"Sajan, gyara min in na yi kuskure. Motar da ba ta da taya ta buga wa motar da ta ɓace waya, ɗaliba ta ƙi ɗauka."

"Haka ne, Yallaɓai."

"To Allah ya kyauta."

Babban Makaniki ya fito yana goge hannu da tsumma. Kakkauran mutum ne mai sanƙo, shekara ashirin da huɗu a garejin. Shi ya kwance musu dashbod ɗin. Akwatin yana nan, hatimin kamfani a bakinsa bai yage ba. Da aka yanke hatimin aka buɗe, ramin sim ɗin wayam.

"Ikon Allah," in ji Makaniki. "Ta ina aka cire?"

"Kai zan tambaya. Wa ke shigowa nan?"

"Kowa, Yallaɓai. Direbobi, masu wanki, har masu gadi nan suke shan iska."

"Jiya da safe kana ina?"

"Kasuwar kayan gyara. Tun takwas na tafi, sai sha biyu na dawo na tarar da wannan tashin hankali. Baba Sannu yayan matata ne, tun jiya ban iya cin abinci ba."

Sajan ta haska akwatin da fitilar waya. A gefensa na baya akwai wata 'yar tsaga, bakinta duk ƙarce-ƙarce. Sufeto ya kalla, ya kalli bangon gareji inda sifanu da filaya suke rataye a jere, kowanne an ɗiga masa jan fenti a mariƙi.

"Fentin fa?"

"Don kada su bi direbobi gida," Makaniki ya ce yana murmushi. "Duk abin da ya fito daga hannuna da alamata."

Ranar Alhamis da safe aka fito da Baba Sannu daga bayan kanta. Kwana biyu sun tsofar da shi. Sufeto ya ajiye wayar Auta a kan tebur, dattijon ya gan ta ya runtse ido.

"Ranka ya daɗe, yarinyar ba ta da laifi. Ni na ɗauka, ni na kai mata. Ku rubuta duk abin da kuke so in sa hannu."

"Ba ita nake nema ba. Yaya kake cire sim ba ka taɓa hatimi ba?"



Sajan ta kawo ledar kayan da aka karɓa daga aljihunsa ranar da aka tsare shi, ta zazzage: carbi, tabarau, goro rabi, da wani ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. A gindinsa akwai ɗigon jan fenti.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Tsinta na yi."

"Baba, gobe kotu."

"Na sani. Mutumin da ya taimake ni don Allah, ba zan saka masa da hana shi abincinsa ba. Na yi masa alkawari."

Sufeto ya so ya daka masa tsawa, ya fasa. Ya fita waje ya sa Sajan ta sake nemo injiniyar, karo na uku. Ya karɓi wayar da kansa, ya riƙe ta kamar za ta cije shi.

"Baiwar Allah, ni ban san komai a wannan harka ba. Sim ɗin lamba shida, in mutum ya jefa shi a rijiya, shi ke nan?"

"Tun Talata da ƙarfe goma ya mutu, da alama an karya shi. Amma kowace waya tana da lambar jikinta, kuma duk sim ɗin da ya shiga cikinta sai mun ga wannan lambar. Kiran nan uku daga waya ɗaya aka yi su, a ƙarƙashin ƙarfen bayan tasha. In karanto?"

Sufeto ya rubuta lambobi goma sha biyar a bayan ambulan ɗinsa, ya sa ta maimaita sau biyu. A karon farko cikin kwana uku ya ji ƙasa ta tsaya a ƙarƙashin ƙafarsa.

Da hantsi ya tara su a ofishin Manaja. Ya zo da Baba Sannu, ya zaunar da shi kusa da ƙofa. Ya ce kowa ya ajiye wayarsa a tebur. Manaja ya yi ƙunƙuni ya ajiye biyu, Idon Kamfani ta ajiye tata. Makaniki ya ajiye tasa cikin natsuwa, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi, shi da ya san babu komai a cikinta sai layinsa na kullum.

Sajan ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana fito da lambar jikin kowace. A ta ƙarshe ta tsaya. Ta karanta a fili, Sufeto yana bi da biro a kan ambulan. Goma sha biyar, babu wadda ta kuskure.

"Ka ce kana kasuwar kayan gyara," in ji Sufeto. "Wayarka ta ce tana bakin lungun surukinka, da sim ɗin lamba shida a cikinta."

Makaniki ya kalli wayar kamar yau ya fara ganinta.

"Na karya sim ɗin," ya ce a hankali. "Da filaya na karya shi."

"Sim ka karya. Wayar ka bari."

Ya zauna a kan kujerar da ba a ba shi ba. Gumi ya keto masa a sanƙo.

"Makullin fa?"

"Na yanka wani lokacin da ta shigo juyen mai."

"Motar tana ina?"

"A wani tsohon shagon walda, hanyar mayanka. Kayan asibitin suna nan, ban taɓa ko katan ɗaya ba. Injin kawai na fara saukewa."

"Me ya kai ka?"

Makaniki ya nuna Manaja da haɓa. "Ku tambaye shi. Wata guda ke nan da ya ba ni takarda. Sababbin motoci za su zo, masu sim a cikin jikinsu tun daga masana'anta. Wai su da kansu suke gaya wa dila abin da ke damunsu, ba a buƙatar kunnena. Ƙarshen wata za a rufe gareji. Shekara ashirin da huɗu, ko kujera ba a ba ni ba, a tsaye na karanta. Na ce tunda haka ne, ni ma zan fita da abin da zan buɗe nawa wurin."

"Sai ka zaɓi motar surukinka."

"Ita kaɗai ce take makancewa. Wallahi da na koya masa, don yarinyar na yi, babu komai a raina. Daga baya ne shaiɗan ya nuna min ƙofar. Na ɗauka za a tsare shi kwana ɗaya a sake shi, tunda babu shaida."

Manaja ya yi gyaran murya ya ce to, shi Baba batun kotu ya wuce, amma batun sim sai masu kamfani sun zauna. Sufeto ya ce masa in sun zauna su kira shi, yana da abin faɗa a kan dattijon, kuma sunan yarinyar ba ya cikin fayil ɗinsa.

Sajan ta fito da ankwa. Makaniki ya miƙa hannu da kansa. Da suka zo ƙofa dole suka bi ta gaban Baba Sannu, wanda tun da aka fara karanta lambobin bai ɗago kai ba.

"Yaya," in ji Makaniki. "Ka yafe min."

Baba Sannu ya ɗago ya dube shi. Babu fushi a fuskarsa, ruɗewa ce kawai, irin ta wanda aka tashe shi daga barci.

"Sau shida suka tambaye ni wa ya koya min," ya ce. "Sau shida ina rufa maka asiri. Ina can a kwance a kan siminti, ina tunanin yaranka, ina cewa ko ni na tafi kai ka rage mana."

Sajan ta taɓa kafaɗar Makaniki, suka fita.

Sufeto ya tattara ledar kayan dattijon ya miƙa masa, ban da ɗan ƙarfen. "Tashi mu je, Baba. Autarka tana bakin ƙofa tun safe."

Baba Sannu ya karɓa, ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Ya miƙe da ƙyar yana dafa bango.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ita yarinyar zan iya yi mata bayani. Ƙanwata fa, me zan je in ce mata?"